Ina Ƙasar Inabi Take?

A Reykjavik, babban birnin Aislan, akwai wani ƙaton littafi na fata da ake kira Flateyjarbók, wato littafin tsibirin Flatey. Limaman coci biyu ne suka rubuta shi da hannu tsakanin 1387 da 1394 Miladiyya, kuma sai da aka jeme fatun maruƙa 113 kafin a sami ganye 225 da ke cikinsa. Galibinsa tarihin sarakunan Norwe ne. Amma a tsakiyar tarihin ɗaya daga cikin sarakunan, marubutan sun cusa wani labari da ya hana masana barci shekara da shekaru. Labarin ya ce wasu manoma 'yan asalin Aislan sun ƙetare teku zuwa yamma, sun sauka a wata ƙasa mai dazuzzuka da inabin daji, sun gina gidaje, sun yi ciniki da mutanen da suka tarar, sun yi faɗa da su, sannan sun tattara nasu ya nasu sun dawo. In har hakan ya faru, to sun riga Kolombus taka nahiyar Amurka da kusan shekara ɗari biyar.

Tambayar da ta daɗe tana yawo ita ce: tarihi ne ko tatsuniya? In tarihi ne, ina wurin yake?

Bari mu fara da abin da labarin ya faɗa. Wajen shekarar 982 aka kori wani mutum mai zafin rai daga Aislan saboda kisan kai, sunansa Eirik, ana yi masa laƙabi da Ja. Shekara ukun da aka yanke masa ya yi su yana leƙen gaɓar wata ƙasa a yamma, ya raɗa mata suna Girinlan, koriyar ƙasa, don sunan ya ja hankalin mutane. Da ya dawo ya yi gayya, jirage 25 suka bi shi, 14 suka isa. A wannan shekarar wani ɗan kasuwa, Bjarni Herjolfsson, ya dawo Aislan daga Norwe ya tarar mahaifinsa ya bi ayarin. Bai ko sauke kaya ba ya bi sawu. Iska da hazo suka ɓatar da shi kwanaki, da gari ya washe sai ga wata ƙasa mai 'yan tuddai da itatuwa. Ya ce wannan ba ta yi kama da kwatancen da aka ba shi ba, ya ƙi sauka. Ya yi kwana biyu ya ga ta biyu, shimfiɗaɗɗiya mai daji. Ya ƙara uku ya ga ta uku, duwatsu da ƙanƙara. Ya ƙara huɗu ya isa gidan mahaifinsa.

Daga baya Leif, ɗan Eirik, ya sayi jirgin Bjarni, ya ɗebi mutum 35 ya bi hanyar ta baya-baya. Ƙasar duwatsu ya kira ta Helluland, ƙasar fale-falen dutse. Mai daji ya kira ta Markland. A ta ukun suka gina gidaje suka ci sanyin shekarar, suka ga kifi manya, suka ga ciyawa ba ta bushe sosai ba, suka lura dare da rana ba su yi wa juna rata kamar a gida ba. Wata rana wani Bajamushe da ke cikinsu, Tyrkir, ya ɓace, ya dawo yana ta murna da yarensu, ya ce ya ga inabi, kuma ya san inabi domin a ƙasar inabi aka haife shi. Leif ya sa wa ƙasar suna Vinland.

Matsalar farko ita ce labarin ba ɗaya ba ne. Mutanen Aislan suna kiran irin waɗannan dogayen labarai saga, kalmar da ta fito daga tushen "faɗi", kuma saga biyu ne suka yi maganar Vinland. Wanda ke cikin Flateyjarbók shi ne labarin mutanen Girinlan. Ɗayan shi ne labarin Eirik Ja, da ke cikin wasu littattafai biyu, Hauksbók da Skálholtsbók. Dukansu an tsara su ne a ƙarni na 13, fiye da shekara ɗari biyu bayan abin ya auku, kuma sun saɓa wa juna a wurare masu yawa. A na farkon Bjarni ne ya fara ganin ƙasar, a na biyun ba a ko ambace shi ba, Leif ne iska ta kai shi a hanyarsa daga Norwe. Freydis, 'yar Eirik, a na farkon azzaluma ce da ta ɗauki gatari ta kashe mata biyar, a na biyun jaruma ce da ta tsaya da juna biyu ta kori mahara alhali maza sun ruga. A na biyun ma har da wata halitta mai ƙafa ɗaya da ta harbe Thorvald, ɗan'uwan Leif, da kibiya. Wanda ya karanta wannan bai yi laifi ba in ya rufe littafin ya ce gizo da ƙoƙi ne. Fridtjof Nansen, mashahurin matafiyin nan na Norwe, ya rubuta a 1911 cewa zancen inabi da alkamar da ke tsirowa da kanta aro ne daga tsofaffin tatsuniyoyin Turai na tsibiran ni'ima.

Sai dai akwai shaidu biyu da suka girmi waɗannan labarai, kuma ba su san juna ba. Wajen 1075 wani malamin coci a Jamus, Adam na Bremen, ya rubuta cewa Sarkin Denmak Svein ya faɗa masa da bakinsa akwai wani tsibiri a cikin teku da mutane da yawa suka je, ana kiransa Vinland domin inabi na fitowa a can ba wanda ya shuka. Sannan tsakanin 1122 da 1133 Ari Thorgilsson ya rubuta ɗan littafinsa na tarihin mutanen Aislan, littafin tarihi na farko a harshensu. Ya ambaci Vinland a gefen magana kawai, yadda mutum ke ambaton garin da kowa ya sani. Yana bayani ne kan ɓaraguzan kwale-kwalen fata da kayan dutse da aka tarar a Girinlan, ya ce irin na mutanen da ke zaune a Vinland ne.

Ari ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin halinsa shi ne halin al'ummar da ta riƙe wannan labari. Ba ya faɗin abu sai ya faɗi daga wa ya ji. Zancen Girinlan ya ce daga kawunsa Thorkel Gellisson ya samo shi, shi kuma ya ji daga bakin wani da ya bi Eirik da kansa. Salsala ke nan. Ba kuma abin mamaki ba ne a ƙasar da a lokacin ba ta da sarki, wadda tun 930 manyanta ke taruwa kowace bazara a majalisar Althing, inda mutum ɗaya, mai faɗin doka, ke tsayawa kan dutse ya karanto sulusin dokokin ƙasa da ka, ya sauke su duka a shekara uku. Sai a sanyin 1117 zuwa 1118 aka fara rubuta dokokin. Gado, iyakar gona da diyyar jini duk sun rataya ne a kan wanda ya riƙe sunayen kakanni daidai. Kunne ya girmi kaka, amma a Aislan kunnen ma horar da shi ake yi.

To, an yarda akwai ƙamshin gaskiya. Sai nema ya tashi, kuma shekara fiye da ɗari ana nema inda ba a ajiye ba. A 1837 wani masani ɗan Denmak, Carl Christian Rafn, ya buga labaran tare da fassara, ya yi lissafin tsawon ranar da aka kwatanta ya ce Vinland tana wajen jihar Rhode Island ta Amurka. Nan da nan aka nuna wata hasumiyar dutse a garin Newport aka ce ginin mutanen Leif ce. Bincike ya nuna injin niƙa ne mai aiki da iska na ƙarni na 17, har wani gwamnan yankin ya ambace shi a wasiyyarsa ta 1677. A 1898 wani manomi a Minnesota ya ce ya tono dutse mai tsohon rubutun mutanen arewacin Turai ɗauke da shekarar 1362, masana harshe suka duba suka ga yaren na ƙarni na 19 ne. Duk masu neman nan abu ɗaya ya ja su kudu: inabi. Inabin daji ba ya yi a ƙasa mai tsananin sanyi, saboda haka suka tsallake arewa gaba ɗaya suka tafi inda inabi yake.

Mutumin da ya juya akalar ba farfesa ba ne. Helge Ingstad lauya ne ɗan Norwe, an haife shi a 1899, ya bar ofis ya tafi arewacin Kanada ya yi shekaru yana farauta da tarko. Matarsa Anne Stine ita ce ta karanci ilimin haƙar kufai. A 1953 suka zagaya kangayen gonakin mutanen Eirik a Girinlan, suka ga irin wurin da mutanen nan ke zaɓa: bakin ruwa, fili mai ciyawa, ƙorama kusa. Ingstad ya karanta labaran da idon matuƙin jirgi. Ya ce ku bar halitta mai ƙafa ɗaya, ku dubi kwanakin tafiya. Mai ba da labari zai iya ƙara gishiri a faɗa da soyayya, amma kwatancen hanya ba a wasa da shi a al'ummar da rayuwarta ke kan teku, domin wanda ya yi kuskure a nan ba ya dawowa. Kwana huɗu, uku, biyu: ƙasar duwatsu ta yi daidai da tsibirin Baffin, ƙasar daji ta yi daidai da Labrador, inda har akwai wani dogon farin rairayi irin wanda labaran suka kwatanta. Kwana biyu daga nan ba za su kai ka Rhode Island ba. Inda za su kai ka shi ne bakin arewa na tsibirin Niyufanlan.

Yana da wani abin dogaro kuma. A ƙarshen ƙarni na 16 wani malamin makarantar Skálholt a Aislan, Sigurdur Stefansson, ya zana taswira bisa tsofaffin bayanai. A cikinta akwai wani siririn hannun ƙasa da ya miƙe zuwa arewa, a layi ɗaya da kudancin Ingila, an rubuta masa sunan Vinland. Duk wanda ya ɗora ta kusa da taswirar yau zai ga siffar arewacin Niyufanlan. Tun 1914 wani ɗan kasuwa na tsibirin, William Munn, ya nuna wannan yanki, ba a dai saurare shi ba.

Saura inabi, wanda babu shi a Niyufanlan. Nan Ingstad ya rungumi ra'ayin wani masanin harshe ɗan Suwidin, Sven Söderberg. A tsohon harshen arewacin Turai akwai kalmomi biyu masu kama: in ka ja wasalin, vín, giyar inabi ke nan, in ka gajarta shi, vin, makiyaya ke nan. Mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani, ya san tazarar da ke tsakanin garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Ingstad ya ce asalin sunan ƙasar makiyaya ne, daga baya aka rikita shi aka ƙirƙiro masa inabi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A bazarar 1960 ya bi gaɓar teku daga kudu zuwa arewa, ƙauye bayan ƙauye, yana yi wa masunta tambaya ɗaya: ko kun san wasu tsofaffin kufai a nan kusa? A ƙarshe ya sauka a L'Anse aux Meadows, wani ɗan ƙauyen masunta a can ƙurewar tsibirin, inda a lokacin ko hanyar mota babu. Wani dattijo mai faɗa a ji, George Decker, ya ce e, akwai. Ya kai shi wani fili a bakin ruwa, inda wata ƙorama ke gangarowa daga fadama. A cikin ciyawa akwai wasu 'yan tuddai a jere masu siffar ɗakuna. Mutanen ƙauyen sun ɗauka tsohon zangon 'yan asalin ƙasar ne. Ingstad ya ga abin da ya gani a Girinlan.

Amma kama da wane ba ta wane. Daga 1961 zuwa 1968 Anne Stine ta jagoranci haƙa, bazara bayan bazara, cikin iska da ƙudaje masu cizo. Abin da ya fara fitowa shi ne tsarin ginin: bango mai kauri da aka yi da ɓawon ƙasa mai ciyawa, an yanka an jera kamar tubali, da dogon murhu a tsakiyar zaure, da dakali a gefe biyu. Gine-gine takwas, uku manya, mafi girmansu ya kusa mita 29 a tsawo. A gefen wani murhu ta sami ɗan rami da aka jera wa fale-falen dutse, inda ake binne garwashi da dare don a sami wuta da safe, irin wanda aka sani a gidajen Girinlan. Masu shakka suka ce gini kaɗai bai isa ba, masu kamun kifi daga Turai sun yi ƙarnuka suna zuwa wannan gaɓa.

A 1962 masana daga Aislan suka zo, cikinsu har da Kristján Eldjárn, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasarsu a 1968. A ƙetaren ƙoramar suka buɗe wata 'yar bukka da aka haƙa a jikin gangare, suka tarar da gawayi, da kashin maƙera, da wani dutse mai lebur da aka yi uwar maƙera da shi. Kusa da nan ga ramin ƙona gawayi. A fadamar kuwa akwai tama, irin wadda ruwa ke tarawa ƙarƙashin ciyawa dunƙule-dunƙule. Wato a wurin an narka tama an fid da ƙarfe. 'Yan asalin wannan yanki ba su san narkar da tama ba, Turawan da suka zo bayan Kolombus kuwa da ƙarfensu suke zuwa daga gida. Narkar da tamar fadama sana'ar manoman Aislan da Norwe ce ta wancan zamani.

Sannan a 1964 aka tono abin da ni a ganina ya fi kome taɓa zuciya. Wani ɗan dutse mai laushi, zagayayye, da huda a tsakiya, faɗinsa bai wuce santimita uku da ɗan kai ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi, ya ga yadda take murza mazari a ɗan kasko, tana shafa alli a yatsa, zare na fitowa daga auduga, ba sai an faɗa masa ba. Gululu ne. Nasu na dutse ne, kuma ulun tumaki suke kaɗawa da shi, amma aikin ɗaya ne: ya ba mazari nauyi ya yi ta juyawa. An sassaƙo shi ne daga ɓallin tsohuwar tukunyar dutse, siffarsa kuma ta gululun Aislan da Girinlan ce sak. Kaɗi a wurinsu aikin mata ne. Ga kuma guntun allurar ƙashi da ɗan dutsen wasa allura. Ashe da gaske akwai mata a tafiyar, kamar yadda labaran suka ce. Labaran sun ba mu sunan ɗaya, Gudrid, matar Thorfinn Karlsefni, wadda ta haifi ɗanta Snorri a can. Ba wanda zai ce gululun nata ne, amma hannun mace irinta ne ya riƙe shi. A 1968, shekarar ƙarshe, aka sami tsinken tagulla mai zobe a ka, wanda maza ke soke mayafinsu da shi a kafaɗa, ƙirar da aka sani a Aislan da Ailan ta wajen shekarar 1000. Daga nan gardama kan su wane ne ta mutu. A 1978 hukumar UNESCO ta sa wurin a jerin farko na wuraren tarihin duniya.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. An sami gidajen, amma ina inabin? Masana harshe ba su taɓa gamsuwa da zancen makiyaya ba. Kalmar mai gajeren wasali ta riga ta fita daga bakin mutane kafin a zauna Aislan, ba a kuma raɗa wa wurare suna da ita a can. Marubucin Flateyjarbók ya ninka wasalin don nuna a ja shi. Adam na Bremen, wanda ya fi kowa kusa da zamanin, inabi ya ce. Wurin kansa ma ya ƙaryata zancen makiyaya, domin ba a sami turke ko ɗakin dabbobi ko ɗaya ba, alhali a gonar Girinlan su ne abin da ake fara gani. Babu kabari. Jujin ma ɗan ƙarami ne, na mutanen da ba su wuce 'yan shekaru ba. Wane irin gari ne wannan, mai ɗaukar mutum saba'in zuwa casa'in, amma ba dabba ba maƙabarta?

Amsar tana cikin fadama. Daga 1973 zuwa 1976 hukumar kula da wuraren tarihi ta Kanada ta sake haƙa, kuma wadda ta ɗauki nauyin nazarin har ƙarshe ita ce Birgitta Wallace, 'yar asalin Suwidin. Ruwan fadama mai tsami ba ya barin itace ya ruɓe. A ciki aka sami ɗaruruwan ɓarɓashin itace da aka sara da ƙarfe, sharar masassaƙa da suka zubar bayan ɗaki. A gefen babban zauren kuma ga ƙusoshin jirgi da aka datse aka cire. Ƙarfen da aka narka gaba ɗaya bai wuce kilo uku ba, gwargwadon abin da zai yi sababbin ƙusoshi. Wurin gyaran jirage ne.

Cikin sharar nan ne aka tsinci ƙwallo uku na wata bishiya da ake kira batanot, dangin gyaɗar bishiya mai ɓawo mai tauri, da wani kullutun itacenta da aka yanka da wuƙa. Wannan bishiya ba ta fitowa a Niyufanlan, ba ta kuma taɓa fitowa ba. Iyakarta ta arewa ita ce kwarin kogin Saint Lawrence da lardin New Brunswick, ɗaruruwan kilomitoci zuwa kudu maso yamma. Igiyar ruwa ba ta yanka itace da wuƙa, saboda haka mutum ne ya kawo su. A dazuzzukan bakin kogunan da batanot ke yi kuwa, a nan inabin daji ke naɗe bishiyoyi, kuma kusan lokaci ɗaya suke nuna, ƙarshen bazara. Wanda ya tsinci ɗaya ya ga ɗayan. Ko Bafaranshen nan Jacques Cartier da ya shiga kogin a 1535, sai da ya sa wa wani tsibiri suna saboda yawan inabin da ya gani.

Da wannan Wallace ta koma kan labarin Eirik Ja, sai ga bayanin yana zaune a ciki tun tuni. Labarin ya ambaci zango biyu: Straumfjord a arewa, inda ake cin sanyi, da Hóp a kudu, inda ake samun inabi da katako, inda kuma aka yi karo da mutanen ƙasa masu yawa. L'Anse aux Meadows ita ce ƙofar, masauki da ma'ajiya. Da bazara a bazu kudu a yi lodin katako da inabi, kafin ruwa ya daskare a dawo. Vinland sunan yankin ne gaba ɗaya. Ingstad ya yi kuskure a kalma, ya dace a wuri. Masu bin inabi sun yi daidai a kalma, sun ɓata a wuri. Tyrkir kuma bai yi ƙarya ba.

Dalilin tashinsu ma ya fito fili. Mutanen Girinlan a lokacin ɗaruruwa kaɗan ne, ba su da yawan da za su riƙe ƙasa mai nisa haka a gaban masu ita, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba. Labaran sun faɗi haka, sun kuma faɗi abin da ba ya yi wa kakanninsu daɗi: su ne suka fara zub da jini, suka kashe mutum takwas da suka tarar ƙarƙashin kwale-kwalensu. Kufan ya nuna an kwashe kaya a natse, ba a bar kome mai daraja ba sai abin da ya faɗi ya ɓata.

Abu ɗaya ya rage, shekara. Gwajin sinadarin kabon da aka yi a kan gawayi ya ba da tazara mai faɗi, kusan daga ƙarni na 8 zuwa na 11, domin wani itacen da suka ƙona teku ce ta kawo shi bayan ya daɗe da mutuwa. Mabuɗin ya fito daga Japan. A ƙasashe masu sanyi bishiya na ƙara zobe ɗaya a jikinta kowace shekara, in an sare ta sai a ƙirga. Wata mai bincike, Fusa Miyake, ta gano a 2012 da 2013 cewa akwai shekarun da wani haske mai ƙarfi daga sararin sama ya bugi duniya, ya sa kabon-14 ya yi tsalle a zoben wannan shekara a bishiyoyin duniya duka. Ɗaya daga cikinsu ita ce 993. Sai Margot Kuitems da Michael Dee na Jami'ar Groningen ta Holan suka ɗauko guntaye uku daga itacen fadamar nan, daga bishiyoyi uku dabam-dabam, kowanne da sawun kaifin ƙarfe, kowanne da zobensa na ƙarshe na jikin ɓawo. Suka auna zobe-zobe har suka sami na 993, suka ƙirga zuwa waje. Na farko ya tsaya a 1021. Na biyu 1021. Na uku 1021. Yanayin zoben ƙarshe ya nuna ɗaya an sare shi da farkon bazara, wani kuma daga baya a shekarar. An buga sakamakon a mujallar Nature a watan Oktoba 2021, shekara dubu cif bayan saran gatarin, kuma shekara 471 ke tsakanin saran da zuwan Kolombus.

Wata ɗaya kafin nan, Jami'ar Yale ta sanar cewa shahararriyar taswirar Vinland da ta baje wa duniya a 1965 jabu ce, domin tawadarta na ɗauke da sinadarin da ba a fara sarrafawa ba sai wajen 1920. Takardar da aka yi ta yi wa shela ta faɗi, sharar masassaƙi ta tsaya.

Hukuncina a kan marubutan Aislan shi ne sun riƙe amana. Sun haɗa tafiye-tafiye, sun fifita wani kan wani, kowane gida ya ja ruwa zuwa gonar kakansa. Hauk Erlendsson, mai littafin Hauksbók, jikan Gudrid da Karlsefni ne na nesa, kuma bishop uku na Aislan daga tsatsonsu suka fito, don haka ba mamaki labarin ya daɗe a bakin zuriyar. Amma jerin ƙasashe uku, kwanakin tafiya, gidajen ɓawon ƙasa, mata a cikin ayari, inabi a kudu, gajeren zama da dalilin tashi, duk ƙasa ta fito da shaidarsu bayan sun yi shekara ɗari biyu a ka, sun ƙara ɗari bakwai a fata. Gudrid kanta, in ji labarin, ta dawo ta zauna a gonar Glaumbær a arewacin Aislan, ta yi tattaki zuwa Rum bayan rasuwar mijinta, ta ƙare rayuwarta tana ibada a cocin da ɗanta Snorri ya gina.

Hanyar ma ba ta mutu da su ba. Kundin shekara-shekara na Aislan ya rubuta cewa a 1347 wani ɗan ƙaramin jirgi na mutanen Girinlan ya iso gaɓar yammacin ƙasar, ba shi da ko ƙarfen tsayar da jirgi, da mutum goma sha bakwai ko sha takwas a ciki. Iska ce ta kauce da su a hanyarsu ta dawowa daga Markland, shekara 326 bayan an sare bishiyoyin nan uku.